Takardar Kawu Isifu mai gida uku

Ranar Juma'ar nan mai zuwa Kawu Isifu zai cika shekara talatin a ƙarƙashin ƙasa. A Dapaong ya rasu, can kuma aka binne shi, nesa da Zangon Sokode inda aka yanke masa cibiya. Ƙanin mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne malamin da ya koya mini rubuta wa kwamfuta umarni, sana'ar da nake ci da ita har yau. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ɗauki biro in ce bana zan rubuta wani abu a kansa, in yi ta juya biron, in ajiye. Abin faɗa yana nan da yawa. Matsalar ita ce a cikin labarin Kawu akwai wanda ya cuce shi, kuma ni ne.

Gajeren mutum ne, mai saurin tafiya, kullum cikin farar riga mai gajeren hannu, aljihunsa fari fat da garin alli. Ɗan mahauci ne kamar yadda uwata 'yar mahauci ce, kuma shi ne na farko a gidanmu da boko ya kai har ƙetaren teku. Da ya dawo aka ba shi koyarwa a babbar makarantar da ke Lome, a sashen kwamfuta, lokacin da yawancin mutanen Zango ba su taɓa ganin kwamfuta ko a hoto ba. Ni ma da na gama sakandare can na nufa, don in yi digiri a hannunsa. Ranar farko ya tare ni a bakin aji ya ce, "Salifu, daga wannan ƙofa kawuntaka ta ƙare. A ciki Mushe nake." Mushe shi ne yadda muke kiran malamin boko a ƙasar nan, kuma Kawu bai taɓa saɓa wannan doka tasa ba ko sau ɗaya.

Ga wanda bai sani ba, kwamfuta ba ta jin Hausa ko Faransanci. Akwai harsunan da aka ƙirƙira don yi mata magana, kuma suna da yawa. Sauran malamanmu kowa ya kama guda ya riƙe, mu ma muna jin daɗin haka. Kawu kuwa uku yake koyarwa a tare: Pascal, da C, da Prolog. Pascal harshe ne mai ladabi, sai ka fara bayyana duk kayan aikinka, sannan ka bi mataki bayan mataki. C yakan ba ka dama ka shiga har cikin cikin na'urar, kuma Kawu yakan ce wuƙar babansa ce, tana yanka nama tana yanka mai ita. Prolog shi ne baƙon. A cikinsa ba ka gaya wa na'ura yadda za ta yi aiki. Kakan gaya mata abin da yake gaskiya, ka ba ta ƙa'ida, sannan ka yi mata tambaya ta nemo amsa da kanta.

Yadda yake ba da aiki shi ne abin da duk wanda ya zauna ajinsa ba zai manta ba. Zai ɗauki farar takarda da rula, ya ja layi biyu daga sama har ƙasa, ta rabu gida uku. Tambaya ɗaya ce a saman takardar, amma sai ka amsa ta sau uku, kowane gida da harshensa. Wanda ya cika biyu ya bar ɗaya, Kawu ba ya ko buɗe jan bironsa. Idan muka yi ƙorafi yakan ce mai harshe ɗaya yana zaton yadda harshensa ya ga matsala haka matsalar take. Ni kuma ya taɓa juyowa kaina ya ce, "Kai da ka tashi da Hausa a gida, yaren Tem a kasuwa, Larabci a wajen malam, Faransanci a makarantar lakwal, uku ne za su kashe ka?" Ajin ya yi dariya, ni ma na yi, amma ban ji daɗi ba.

Muna shekara ta biyu ƙasar ta rikice. Waɗanda suka ga lokacin ba sa bukatar in tuna musu, waɗanda ba su gani ba kuma duk yadda na faɗa ba za su ji ɗumin abin ba. Kowa ya koyi kalmar dimokuraɗiyya, har mai sayar da gawayi. Ana taro, ana ƙona tayoyi, ana gudu, ana jana'iza, washegari a sake taro. Akwai gaskiya mai yawa a cikin fushin mutane, kuma akwai waɗanda suka ba da rayukansu da zuciya ɗaya, ba su nake zargi ba. Daga baya aka shiga dogon yajin aiki, makarantu suka rufe, mu 'yan arewa muka tattara komatsanmu muka nufo gida. Ni da Kawu mota ɗaya muka shigo, shi da akwatin littattafai a kan cinya tun daga Lome har Sokode.

Mako biyu ya yi yana zaune ya kasa. Sai ya aika aka nemo duk ɗalibin sashenmu da ke Sokode da kewaye, muka taru mu bakwai, har da wani da ke hawo keke daga wajen Sotouboua. Ya share zauren gidan kakanmu, ya shafa wa bango ɗaya baƙin fenti, ya ce shekara ba za ta lalace a banza ba. Ba ya karɓar komai a hannun kowa. Mahaifiyata, wadda duk Zango ke kira Inna Adiza, ita ke aiko mana da koko da ƙosai da hantsi, tana cewa autansu zai kashe 'ya'yan mutane da yunwa da lissafi.

Ba mu da kwamfuta ko ɗaya. Abin da Kawu ya yi shi ne kullum mutum ɗaya a cikinmu zai zama na'ura. Za ka tsaya a gaban bango da alli, wani ya karanta maka abin da ya rubuta, kai kuma ka aikata daidai yadda aka ce, ko da kana ganin kuskure ne. Idan ka gyara wa abokinka a ɓoye, sai Kawu ya buga rula a tabarma ya ce, "Na'ura ba ta da wayo, ba ta da aboki. Koma." Mun sha dariya a zauren nan. Mahauta masu wucewa da tire a ka sukan leƙo su ga ƙato da gemu yana tsaye yana cewa shi inji ne, su girgiza kai su wuce.

Abin da ya fara yanke mana shi ne takarda. Shaguna a rufe, wadda ake samu kuma ta yi tsada. Wata safiya Kawu ya ce in raka shi ofishin perfe, wato babban jami'in gwamnati na yankin, domin akwai wani abokin karatunsa da ke aikin akawu a can. Muka zauna a kan benci tun safe har azahar. Na ga Kawu, mai digirin ƙasar waje, yana miƙewa tsaye duk lokacin da masinja ya wuce. A ƙarshe abokin ya fito da ɗaurin farar takarda biyu ya ba shi ta ƙofar baya. Ni na ɗauko su a kaina har gida, kuma duk Zango an gan mu muna fitowa daga wajen. Kawu ya kwana uku yana ja musu layi ɗaya bayan ɗaya da rularsa, yana rubuta sunan kowa a kusurwar tasa don kada mu yi rigima. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin na san abin da ya kai Kawu ofishin nan fiye da kowa a duniya.

A kan irin wannan takarda ya ba mu aikin dangi. Ya ce kowa ya rubuta sunayen gidansu, wa ya haifi wa, sannan ya koya wa na'ura yadda za ta gano ko wane ɗan'uwan wane ne. Na rubuta kakanmu, na rubuta Adiza da Isifu a ƙarƙashinsa, na rubuta kaina a ƙarƙashin Adiza. Gidan Pascal na cika shi kafin koko ya huce. Gidan C ya ɗan wahalar da ni amma ya fito. Gidan Prolog kuwa na yi kwana biyu ina kallonsa. Tun ina firamare ni ne na ɗaya a aji, kuma ban saba da abin da ya fi ƙarfina ba. Sai na kwafi dabarar gidan farko a wata takarda dabam, na sauya mata kalmomi, na miƙa masa a matsayin gida na uku.

Ya karanta a gaban kowa, ya ɗago ya dube ni. "Pascal ka rubuta sau biyu, ka sa wa na biyun rigar aro," in ji shi. Ya yaga ƙarin takardar, ya mayar mini da ta ainihin da gidanta na uku fari, ya ce in koma in yi tunani. Ba zagi, ba tsawa. Da wani ne ya yi mini haka da na manta kafin la'asar. Amma ƙanin uwata ne, a zauren kakana, a gaban mutum shida da suka saba kwafar aikina. Na ninke takardar na sa a aljihu, kuma daga ranar na fara jin cewa ni ma ana zaluntata.

Da aka fara maganar buɗe makarantu, ƙungiyar ɗalibai ta aiko cewa kowane sashe ya rubuto kokensa a kan malamai. Lokacin ɗalibi ya gano yana da murya, kuma ba kowa ne ya san inda zai kai ta ba. Wakilin ƙungiyar a cikinmu shi ne Basiru, ɗan ƙabilar Tem ne, abokina na kusa, mai zafin kai amma ba mugu ba. Muna zaune a teburin mai shayi a bakin tasha da safe, ya ce ni ne mai iya Faransanci, in rubuta. Na laluba aljihu, takardar da na samu ita ce ta aikin dangi. Na juya bayanta na fara.

Na rubuta cewa Mushe Isifu yana ɗora mana harshe uku alhali kasuwar aiki ɗaya take nema. Wannan ra'ayi ne, ana iya gardama a kansa. Na rubuta cewa yana kayar da ɗalibai da gangan. Wannan ƙarya ce ƙarama. Daga nan biron ya yi daɗi a hannuna. Na rubuta cewa ya karya yajin aiki, domin ya ci gaba da koyarwa lokacin da duk ƙasa ta ajiye aiki, wato karatun da ya ba mu kyauta a zaure na mayar masa da shi laifi. Sai na rufe da cewa an gan shi yana shiga ofishin perfe, kuma yana da littafin da yake rubuta sunayen ɗalibai. Ban ce ya kai sunan kowa ba. Na jera maganganun biyu kusa da juna, na bar mai karatu ya haɗa da kansa, kuma na san zai haɗa. A kan takardar da ya je roƙo na rubuta wannan.

Na ce wa Basiru ya buga ta da tafireta idan ya isa Lome, ya ƙona ta hannun. Bai buga ba. Ya tarar da masu buga takardu ba su dawo aiki ba, sai ya ɗora ta a kan takardun sa hannun ɗalibai, ya danne su da fil, ya miƙa. Da na tambaye shi daga baya ya ce, "Takarda ɗin ya yi kyau haka nan, rubutunka yana karantuwa." Ni kuwa ban sa hannu ba. Na ce ai ƙanin uwata ne, ba zan iya ba, har wasu suka yaba mini da kunya da sanin ya kamata.

Abin da ya biyo baya ya yi sauri. A lokacin, a ce da mutum ɗan rahoto ne ya fi a ce da shi ɓarawo muni. Aka ƙaurace wa ajinsa. Aka rubuta masa kalmar a ƙofar ofis da gawayi, ya goge, aka sake rubutawa. Wata rana aka jefi babur ɗinsa da duwatsu yana kai. Shugaban sashen, mutum mai son zaman lafiya fiye da son gaskiya, ya kira shi ya ajiye masa koken a gabansa, ya ce a dakatar da darasinsa sai ƙura ta lafa. Na ji daga baya cewa Kawu bai kare kansa da komai ba, abu ɗaya ya roƙa, a ba shi shafin farko na koken ya tafi da shi. Kafin shekara ta ƙare aka tura shi Dapaong, can ƙarshen arewa, ya koyar da lissafi a makarantar sakandare. Maganar ta riga shi isa Zango. Mutanen da suka gan mu da ɗaurin takarda suka tuna sun gan shi, suka manta da wanda ke biye da shi da kaya a ka. A masallacin unguwa akwai waɗanda suka daina miƙa masa hannu. Ni ina nan a sahu, ban buɗe baki ba.

Mu kuma aka ba mu abin da muka nema. Shekarar ƙarshe harshe ɗaya muka yi, muka ci jarrabawa da maki masu kyau. Wata shida da fara aikina aka kawo na'urori masu wani harshe dabam, na ga abokan aikina sun tsaya kamar an ɗaure su, ni kuwa cikin mako biyu na kama. Na san sarai daga ina wannan ya zo, daga bangon zaure ne mai baƙin fenti.

Sau ɗaya na je wurinsa a Dapaong, kuma Inna ce ta tilasta mini, ta haɗa ni da ƙullin kilishi da daddawa in kai masa. Tun daga Kara nake shirya abin da zan faɗa, muna wuce Mango na gama tsara shi tsaf. Na same shi a wani gida mai ɗaki biyu a bayan kasuwa, ya rame, farar rigar ta yi masa yawa. Har ya fara jin yaren Moba, yana gaisawa da maƙwabta da shi yana kuskure suna dariya. Matarsa Memuna ta kawo tuwo, muka ci, ya tambaye ni lafiyar yayarsa, ya tambayi aikina, ya saurara da kyau kamar zai ba ni maki. Na yi ta ba shi labarin aiki, jawabin da na tsara kuwa na bar shi a hanya.

Da zan tafi ya ce in jira. Ya shiga ɗaki ya fito da takarda a ninke, ya buɗe ta a kan cinyarsa. Gaban ne a sama: sunana a kusurwa da rubutunsa, kakanmu, Adiza, Isifu, Salifu, gida biyu cike, na uku fari. Ga hujin fil a gefe. Ta hasken ƙofa ina iya ganin inuwar rubutuna na baya yana ɓullowa ta cikin takardar.

"Ka bar gida na uku," in ji shi. "Ka cika ka kawo mini in duba."

Na ce, "To, Kawu."

"Mushe," ya gyara mini, yana ɗan murmushi.

Bai juya takardar ba, ni ma ban juya ba. Na karɓa na sa a aljihu, ya raka ni har tasha, ya tsaya a rana sai da mota ta tashi. A hanya na fahimci dalilin da ya sa ya roƙi shafin nan daga hannun shugaban sashe. Da ya ga dama, juyi ɗaya zai yi mata a gaban kowa, a ga sunan wanda ya rubuta, a kira ni a tambaye ni me ya kai mu ofishin perfe. Da ya wanke kansa ke nan, ni kuma a kore ni ko a yi mini abin da ya fi kora. Ya zaɓi ya ɗauki takardar ya tafi Dapaong da ita. Na yi kuka a motar nan har wata tsohuwa ta tambaye ni wa ya rasu.

Ban koma ba. Kullum ina cewa sai na cika gidan, kuma ban iya fito da takardar daga inda na ɓoye ta ba, ƙarƙashin takardun shaidar digirina. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni aka aiko cewa ya faɗi a aji da alli a hannu, kwana uku ya yi a asibiti. Mun isa an riga an binne shi. Ɗalibansa na can, 'ya'yan manoma da 'yan kasuwa, sun cika ƙofar gidan, kuma a cikin littattafan lissafinsu na ga shafuka masu gida uku: ko a nan ma sai da ya sa su warware kowace tambaya ta hanya uku.

Tun daga shekarar, duk zagayowar ranar Inna takan yi sadakar waina a Zango, a tara malamai a zauren nan a yi masa addu'a. Idan aka shafa, takan ɗaga murya daga bayan labule ta ce, "Wanda ya rubuta takardar da ta kori autanmu, Allah ya isa tsakanina da shi." Sai zaure ya amsa da amin. Ina cikin masu amsawa. Sau ashirin da tara na ce amin, wani lokaci muryata ta fi ta kowa fitowa, kuma bayan an watse ita ke zuba mini waina da hannunta tana cewa ni kaɗai na gaji kan Isifu.

Yau ni ma malami ne, har da furfura, a wani sashen kwamfuta da ba sai na ambata ba. Ɗalibaina na shekarar farko suna samun tambaya ɗaya su amsa ta da harshe uku, a shafi mai gida uku, ko da yake yanzu a kan allon na'ura ne ba da rula ba. Abokan aikina suna kiransa tsarin Salifu. An taɓa gayyatata taro na yi bayani a kansa aka tafa mini, ban ambaci sunan mai shi ba, domin wanda ya ambaci Isifu dole a tambaye shi ina Isifu ya tafi. Wato bayan na raba shi da aikinsa da sunansa, na zo na gaje dabararsa kuma na sa mata sunana.

A watan jiya sashenmu ya zauna kan shawarar a rage harsunan a koma wani harshe mai suna Python kaɗai daga shekarar farko har ta ƙarshe. Masu shawarar ba wawaye ba ne. Sun ce lokaci kaɗan ne, yara suna ruɗewa, masu ɗaukar aiki abu ɗaya suke tambaya, kuma yanzu akwai manhajojin da za ka gaya musu bukatarka su rubuta maka da kowane harshe kafin ka ƙifta ido. Wakilin ɗalibai ya miƙe ya karanta kokensu, yaro mai kaifin baki, na ɗaya a ajinsu. Sakin layinsa na farko kusan kalma da kalma nawa ne na teburin mai shayi. Na zauna ina jira in ji ko zai ci gaba zuwa inda na ci gaba. Ya tsaya a kan maganar harsuna ya zauna, kuma na ji ina girmama shi fiye da yadda zai taɓa sani.

Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da wannan zamani. Ina jin Python zai burge shi, zai koye shi cikin mako guda ya ƙara wa takardarsa gida na huɗu, yara su yi ta kuka. Manhajar da ke rubuta wa mutum aiki kuwa, ina jin zai zauna ya gwada ta da haƙuri, sannan ya tambayi ɗalibin ta yaya zai gane ranar da ta yi masa ƙarya, in shi kansa hanya ɗaya tak ya sani. Ban san ko zai ci gardamar a sashenmu ba. Ni ma ban sani ba ko zan ci, an ɗage zaman zuwa wata mai zuwa. Abin da na yi a ranar shi ne na miƙe na ce tsarin nan ba nawa ba ne, na Mushe Isifu ne ɗan Zangon Sokode, kuma in za a binne shi a binne shi da sunan mai shi. Yawancinsu ba su taɓa jin sunan ba.

Me ya rage na Kawu bayan shekara talatin? Bai bar gida ba, bai bar littafi da sunansa ba. Bangon zauren an yi masa farin fenti tun tuni, sai dai idan damina ta jiƙa shi baƙin yakan ɗan fito. Akwai mu bakwai, biyu sun rasu, da ɗaliban da muka koyar, da nasa na Dapaong waɗanda ban san adadinsu ba. Akwai kuma tsofaffi a Zango da har yau idan aka ambace shi sukan rage murya su ce ai an ce yana kai rahoto. Saboda su nake rubuta wannan da sunana a jarida. Isifu bai taɓa kai sunan kowa ko'ina ba. Littafin da yake riƙewa na kiran suna ne, don ya san wanda bai zo ba ya aika a dubo ko lafiya. Ofishin perfe kuwa takarda ya je roƙo don mu yi karatu, ni na ɗauko ta a kaina, kuma ni na rubuta ƙaryar a bayanta.

Shekaranjiya na fito da takardar. Ta yi ja, ninkin ya kusa rabewa. Na zauna da biro na cika gida na uku, kuma layi huɗu ne kacal, abin da na kasa ina ɗan shekara ashirin da biyu saboda ina son in ba da umarni a inda ake bukatar in faɗi gaskiya in yi shiru. Na kwafe shi a kwamfuta, na shigar da sunayen gidanmu kamar yadda suke a saman shafin, na tambaye ta ko Isifu ɗan'uwan Salifu ne. Ta ce haka ne. Babu jan biron da zai duba mini.

Inna tana da rai, ta haura tamanin, idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Ba ta karatun boko, sai dai Zango ba ya rasa mai karanta wa tsohuwa jarida, kuma ba na so ta ji daga bakin kowa. Gobe da safe zan kama hanyar Sokode da takardar a aljihu, in zauna a gabanta in karanta mata gaba da baya. Ranar Juma'a za a soya waina, malamai za su shafa addu'a, ita kuma za ta ɗaga murya daga bayan labule. Ban san abin da za ta ce bana ba. Ko me ta ce, ina zaune a zauren, kuma zan amsa.